An ce 'yata na da SMA: ta ina zan fara, kuma in yarda a sa ta cikin bincike?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa 'yarta mai wata goma sha huɗu tana zama da kanta amma ta kasa rarrafe, ƙafafunta sun saki. Bayan doguwar zirga-zirgar asibiti an aika jininta waje, sakamako ya dawo cewa tana da SMA (spinal muscular atrophy), wato ciwon gado mai raunana tsoka, nau'i na biyu. Ita da mijinta 'yan wa da ƙani ne. Surukarta ta dage shan inna ce, dangi sun ce a buɗe asusu a tara kuɗin wata allura da suka ji labarinta a Facebook, wani likita kuma ya nemi izinin sa yarinyar cikin bincike. Tambayarta ita ce: "Likita, ta ina zan fara?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba ki ladan jinya, Ya ba yarinya sauƙi. Ki fara daga ƙirjinta.

Na san kowa a gidanku ƙafafun yake kallo, don su ido ke gani. Amma da za ki shigo mini da ita ɗakin duba yara yau, kafin in taɓa ƙafa sai na ɗaga rigarta na kalli yadda take numfashi, na saurari ƙarfin tarinta. Zan dawo kan wannan in daɗe. Bari dai in fara gaya miki abin da ke faruwa a jikinta, saboda wanda bai san ciwo ba kowa ma zai iya sayar masa da magani.

A cikin laka, wato igiyar da ta ratsa ta tsakiyar ƙashin baya, akwai wasu ƙwayoyin jijiya da ba su da aiki sai kai wa tsoka umarnin motsi. Don su rayu suna buƙatar wani furotin da ake kira SMN. Ƙwayar gadon da ke ƙera shi sunanta SMN1, tana zaune a kuromosom na 5, kuma kowa yana samun ta daga uwa da kuma daga uba. Idan ta ɓangare ɗaya ta lalace, ɗayar tana riƙe mutum lafiya lau har ya tsufa bai sani ba. Idan ta ɓangarorin biyu ta ɓace, jijiyoyin sai su riƙa mutuwa, tsokar da suke aika wa saƙo ta rame. Kin san yadda AS da AS ke haifar mai sikila alhali su ƙalau suke? To, haka lissafin yake a nan: kowane ciki, ɗaya cikin huɗu. Ke kin bayar da rabi, maigida ya bayar da rabi. Ba abin da kika ci ba ne, ba rigakafi ba ne, ba hannun kowa ba ne. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da abu iri ɗaya, wannan gaskiya ne, amma a ƙasashen da ba a auren zumunci ma ana haifar yaran SMA, kusan ɗaya cikin haihuwa 10,000. Gwajin jinin da aka yi muku kafin aure bai duba wannan ba, don haka kada wani ya ce kun yi sakaci.

Abin da ya sa take iya zama shi ne Allah Ya ajiye wata ƙwayar gadon ta biyu, SMN2, mai kama da ta farkon. Ita ma tana ƙera furotin ɗin, sai dai mai kyau a ciki bai wuce kusan kashi 10 cikin ɗari ba. Kamar ƙaramin janareta ne idan an ɗauke wuta: zai kunna ƙwan fitila da fanka, ba zai ɗauki firji ba. Wanda ke da kwafi biyu nata yawanci ciwonsa ya fi tsanani, shi ne nau'i na ɗaya, jaririn da ba ya kai ga zama. Masu nau'i na biyu galibi kwafi uku gare su. Ki duba takardar sakamakon ko an rubuta adadin SMN2. In ba a rubuta ba ki nemi a yi, don duk wata ƙofar magani da za ki ƙwanƙwasa sai an tambaye ki shi.

Game da Hajiya surukarki, kada ki yi musu da ita. Abin mamaki ma, ba ta yi nisa da gaskiya ba: ƙwayar cutar shan inna waɗannan jijiyoyin na laka take kai wa hari. Bambancin shi ne shan inna kan zo farat ɗaya bayan zazzaɓi, ta fi kama ɓangare ɗaya, ta yi ɓarnarta ta tsaya. SMA kuwa a hankali take zuwa, ƙafafu biyu daidai wa daida, ta fi ƙarfi a cinya da kafaɗa, kuma in kika lura za ki ga yatsun yarinyar suna ɗan karkarwa, wani lokaci har harshe. Ki sa maigida ya zo da Hajiya asibiti ta ji daga bakin likita. Tsofaffi sun fi karɓar magana in an girmama su an yi musu bayani da kansu, kuma za ki buƙaci hannunta shekara da shekaru. Addu'a da tofi a yi ta yi. Abin da ba zan lamunta ba shi ne tsaga, da cire beli, da hayaƙin da ake turara yaro da shi a ɗaki rufe.

Yanzu ƙirjin. Tsokar da ke tsakanin haƙarƙari tana raunana, amma tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana riƙe ƙarfinsa. Shi ya sa za ki ga cikinta na tashi idan ta ja numfashi, ƙirjin kuma yana ɗan lotsawa. A ranar lafiya wannan ya wadatar. Matsalar ita ce tari. Ni da ke in majina ta sauka ƙirji, tari biyu mun fitar da ita. Ita kuwa tarinta ba ƙarfi, sai majinar ta kwanta, ta toshe wani sashe na huhu, murar da yayyenta za su warke cikin kwana uku ta zame mata ciwon huhu. Wannan shi ke kwantar da yaran nan a asibiti, shi ke ɗauke su, ba ƙafa ba.

Saboda haka ki nemi likitan gashin ƙashi (physiotherapist), wanda ya saba da yara, ya koya miki abu biyu da hannunki: bubbuga ƙirji da tafin hannu a lanƙwashe kamar kina riƙe da ruwa, da kuma danna ƙasan haƙarƙari daidai lokacin da take tari don ki ara mata ƙarfi. Ana yi kafin cin abinci, ba bayansa ba. Maigida ma ya koya, kakarta ma ta koya. Ki sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini, ki nemi irin ta yara. Idan tana mura kika ga lambar ta sauka ƙasa da 95, ki fara fitar da majina. In ba ta hau ba, ko kika ga tana haki, hancinta na buɗewa, ta ƙi abinci, ku tafi asibiti a daren, kada a ce bari gari ya waye. Akwai injin zuƙe majina na ƙafa wanda ba ya buƙatar wuta, ya fi miki amfani a kan na lantarki. Kada ki ba ta maganin tari mai kwantar da tari ko sa barci, don ita tarin muke nema.

Ga wata magana da nake so ki rubuta a kati ki riƙa yawo da ita. Idan an kai ta asibitin da ba a san ta ba, za a yi saurin sa mata oksijin. Lambar za ta hau, kowa ya huta. Amma matsalarta rashin ƙarfin fitar da iska da majina ne, kuma oksijin shi kaɗai yana iya rufe alamar yayin da gurɓatacciyar iska ke taruwa a jininta. Abin da take buƙata shi ne a share majinar, in ta kama a sa mata injin taimakon numfashi mai marfin fuska, wanda ake kira BiPAP. Ki ce da su cikin ladabi: "Tana da SMA, tsokar numfashinta ba ƙarfi, don Allah a kira likitan yara." Ki kuma riƙa lura da barcinta. Yawan gumi da dare, yawan farkawa, tashi da safe a gajiye, alamu ne cewa numfashin dare ya fara gaza ta.

Lokacin hunturu shi ne lokacin da nake fi ganin su. Ƙura, sanyin asuba, ga kowa na tari. Ki nisanta ta daga hayaƙin murhu da maganin sauro na kunnawa, gidan sauro ya ishe ta. Turaren wuta kuma, na san wannan zai yi miki ciwo, a yi shi a wani ɗakin. Rigakafinta ya cika tsaf, musamman na ciwon huhu da na ƙyanda. Mai mura ya gaishe ta daga bakin ƙofa.

Sai abinci. Na taɓa kwantar da wani yaro mai irin wannan ciwo wanda kullum yake dawo mana da ciwon huhu, muka rasa dalili. Wata rana da na shiga ɗakin da sassafe na tarar da kakarsa ta kwantar da shi a cinya, ta tara kunu a tafin hannu, ta toshe masa hanci tana yi masa ɗura. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, haka ta reni 'ya'yanta tara. Amma yaron da haɗiyarsa ba ƙarfi, rabin kunun huhu yake tafiya. Tun daga ranar da ta daina, zuwansa ya ragu. Don haka ɗura haramun ce ga 'yarki. A zaunar da ita sosai, kai a miƙe, cokali ƙarami, a hankali. Abu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya. In tana ƙwarewa, ko muryarta ta koma kamar mai ruwa a maƙogwaro bayan ta ci, ko cin abinci na ɗaukar ta fiye da rabin awa, ki faɗa wa likita. Idan ba ta da lafiya kada a bar ta ta yi awa shida ba komai a cikinta, don ba ta da tsokar da jiki zai ci ya riƙe kansa, sukarin jininta kan iya faɗuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma kada a yi ta ɗura mata don a ga ta yi ƙiba kamar 'yar maƙwabta. Ƙiba nauyi ce a kan tsokar da ba ta iya ɗauka. Taurin bayan gida zai dame ta, ki riƙe ruwa, gwanda, miyar kuka da kuɓewa.

Ƙafa da baya ba zan daɗe a kansu ba, don likitan gashi zai nuna miki fiye da yadda rubutu zai iya. A riƙa miƙar da gwiwa da idon sawu da ƙugu kullum don kada su ƙage. A samo takalmin roba mai riƙe sawu, da abin tsayar da ita na ɗan lokaci kowace rana. Ƙashin bayan kusan duk masu nau'i na biyu yana karkacewa, kuma in ya karkace yana matse huhu, ga shi mun sake dawowa ƙirji. Zama mai kyau yana jinkirta hakan. Na ga wani uba da ya kai wa kafinta awon 'yarsa, aka yi mata kujerar katako mai jingina da katifa a gefe da gefe da ɗan tebur a gaba, ta fi wasu na kanti. In za ki goya ta, zanen ya tallafi kai da wuya.

Abin da iyaye kan manta: SMA ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yaran nan suna da kaifin basira, da yawa suna riga sa'o'insu iya magana, wataƙila don baki ne abin da ya rage musu na juya duniya. Tana jin taɓi, tana jin zafi, tana jin abin da ake faɗa a kanta. Kada a bar ta a ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo. A fito da ita tsakar gida, a ba ta alli da allo mara nauyi, a yi mata faɗa in ta yi rashin kunya. Lokacin makaranta ya yi a kai ta, boko da islamiyya. Keken guragu ba sallamawa ba ce, ƙafa ce.

To, maganar allura. Magunguna uku ne aka sani, kuma na gaske ne. Spinraza, wanda Amurka ta amince da shi a Disamba 2016, ana yin sa ta ƙashin baya, allura huɗu a farko sannan duk wata huɗu, har abada. Kuɗin da aka sa masa lokacin fitowarsa dala 750,000 ne a shekarar farko, 375,000 kowace shekara bayan nan. Zolgensma, na 2019, shi ne wanda dangi suka gani: ƙarin ruwa ɗaya tak da ke shigar da sabuwar SMN1 cikin jiki, ga yaro ƙasa da shekara biyu, a kan dala miliyan 2.1 lokacin fitowarsa, kuma yana buƙatar a sa ido sosai a kan hanta bayan an yi. Na uku risdiplam, ko Evrysdi, na 2020, na sha ne kullum a gida. Spinraza da risdiplam gyara aikin SMN2 suke yi, su sa ƙaramin janaretan ya ƙara wuta. Babu ɗayansu da ke dawo da jijiyar da ta riga ta mutu. Suna ceton waɗanda suka rage, shi ya sa wanda aka ba kafin alamu su fito ya fi kowa amfana, kuma shi ya sa Amurka ta sa SMA cikin gwajin jarirai tun 2018. Ga mai nau'i na biyu da ta riga ta nuna, abin da ake sa rai shi ne ciwon ya tsaya, hannu da zama su ƙara ƙarfi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kada a yi wa dangi alƙawarin za ta tashi da gudu.

Ra'ayina shi ne kada ku sayar da gida kuna bin dala miliyan biyu. In za a tara kuɗi, a fara da abin da zai riƙe numfashinta, sannan a bi hanyar risdiplam ta hannun likitan jijiyoyin yara a asibitin koyarwa, shi zai rubuta wa kamfani ya tambayi shirin tallafi. Farashi yana motsi. A ƙarshen 2021 gwamnatin Sin ta yi ciniki da masu Spinraza, allurar da ke kusan yuwan 700,000 ta dawo kusan 33,000. A 2025 kuma kotun Indiya ta buɗe wa kamfanin Natco hanyar yin risdiplam mai rahusa. Sai dai ki lissafa abu biyu: ana auna maganin da nauyin yaro, don haka kuɗin na ƙaruwa yadda take girma, kuma ruwan maganin a firji yake zama. Wanda duk ya ce miki ki kai ta wata ƙasa a yi mata dashen ƙwayoyin halitta da ake kira stem cell ta warke, kuɗinku yake so. Babu shaidar hakan na aiki a SMA.

Sai bincike. Na fahimci tsoronki, kuma ba na raina shi. A Kano aka yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996, lokacin annobar sanƙarau, a kan yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu a 2009. Wanda ya tashi da wannan labari dole ya yi ɗari-ɗari. Amma ki ji ɗaya gefen. Tun 1891 wani likita a Ostiriya, Guido Werdnig, ya bayyana wannan ciwo, aka yi shekara ɗari ba a san sanadinsa ba. Iyaye ne suka tayar da ƙura. A Amurka sun kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Cure SMA a 1984. A Faransa ƙungiyar iyaye ta AFM ta fara tara kuɗi ta talabijin a 1987, kuma a Faransar ne tawagar Judith Melki ta gano ƙwayar SMN a 1995. Daga nan sai da aka ƙara shekara 21 kafin maganin farko, wanda ya fito daga aikin Adrian Krainer da Frank Bennett. A gwajinsa na ƙarshe, kashi ɗaya cikin uku na jariran ba a ba su maganin ba don a kwatanta, kuma iyayensu sun sa hannu suna sane. An tsayar da gwajin kafin lokaci a 2016 da aka ga yana aiki, aka ba kowa. Risdiplam ɗin da nake ce miki ki nema, gidauniyar da iyayen wata yarinya mai SMA suka kafa tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa.

Kusan duk wannan ilimi a jikin Turawa aka tara shi, kuma jininmu ba daidai yake da nasu ba a nan. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya samu cewa a Mali masu ɗauke da ciwon kusan ɗaya ne cikin 209, alhali a Turai ana maganar ɗaya cikin 50 ko kusa da haka. An kuma lura 'yan asalin Afirka sun fi yawan samun SMN1 biyu a jere a ɓangare ɗaya, ɗayan ɓangaren fayau. Gwajin da aka saba yi ƙirga kwafi kawai yake yi, sai ya ga biyu ya ce mutum ba ya ɗauke da komai, alhali yana ɗauke. Wannan ya shafi yayyenta da ƙannenki ranar da za su yi aure. A ganina kuma yaranmu da yawa masu SMA suna rasuwa an rubuta ciwon huhu, ba wanda ya ƙirga su, kuma kamfani ko gwamnati ba sa ciniki a kan mutanen da ba a ƙirga ba. Ke da kike da takardar gwaji a hannu, sunan 'yarki a rajistar marasa lafiya gudummawa ce da ta fi kuɗin da za ki iya bayarwa.

Don haka ki koma wurin likitan ki tambaye shi wane irin bincike ne. Rubuta bayananta ne kawai da auna ta lokaci zuwa lokaci? Ɗibar jini ne? Ko gwajin magani? Na farko da na biyu haɗarinsu kaɗan ne, ni da 'yata ce zan yarda. Na uku sai an zauna. Ko wanne ne, ki nemi ganin lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, don a Najeriya ba a yarda a taɓa mutum da sunan bincike ba sai da ita. A ba ki takardar amincewa, a karanta miki da Hausa, ki tafi da ita gida ku duba da maigida, ba a tsaye a baranda ba. Ki tambaya ina za a kai jinin, wa zai ajiye shi, har yaushe, kuma za a dawo muku da sakamako? In magani ne, za a ci gaba da ba ta bayan an gama? Kina da ikon ficewa duk ranar da kika so ba tare da an rage mata kulawa ba. Kuma ba a biyan kuɗi don shiga bincike. In aka ce ki biya, ki tashi.

In kika sake samun ciki, ki faɗa wa likita tun watan farko. Ana iya gwada ɗan tayi wajen mako 11 zuwa 14, abin da za ku yi da sakamakon kuma naku ne da malamanku. Ko ba ku yi wannan ba, a ɗebi jinin jaririn a makon haihuwa, kada a jira a ga ko zai zauna. Ki sayi fayil guda na roba, ki sa takardar gwajin ta asali, katin rigakafi, hoton ƙirji da na baya, da littafin da za ki riƙa rubuta nauyinta da ranakun da ta yi mura. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki tura wa maigida shi ma ya ajiye.